Abin da aikin kula da tsofaffi ya koya min kan karyewar ƙananan hukumomi a Ingila

Mutanenmu a gida in suka ji an ce ƙaramar hukuma ta karye a Ingila sai su ɗauka wasa ake, wai ƙasar da kowa ke rububin zuwa neman kuɗi ita ce hukumominta ke kukan asusu ya ƙare. To wallahi haka abin yake, kuma ni ba a labarai kaɗai nake ji ba, abincina ma ta hannun ƙaramar hukuma yake fitowa. Ina aiki ne da wani kamfanin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu a tsakiyar Ingila, da farko zagayen gida-gida nake yi, wanka, ba da magani, haɗa karin kumallo, canza zanin gado, daga baya aka dawo da ni ofis ina tsara wa ma'aikata wa zai je gidan wa da ƙarfe nawa, ina kuma haɗa takardun da muke turawa hukuma ta biya mu. Yawancin tsofaffin namu ita ke biya musu, don haka duk abin da ya taɓa aljihunta mu yake fara taɓawa.

Abin da na fara fahimta shi ne ƙaramar hukuma a nan ba ta karyewa irin ta ɗan kasuwa, a rufe shago a sa kwaɗo kowa ya kama gabansa. Doka ta wajabta mata duk shekara kuɗin da za ta kashe kada ya wuce wanda zai shigo, to in babban ma'ajinta ya duba ya ga ba yadda za a yi lissafin ya haɗu dole ne ya fitar da sanarwa ƙarƙashin sashe na 114 na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988. Daga ranar an dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi sai wanda doka ta tilasta da albashi da kwangilar da aka riga aka sa wa hannu, kansiloli kuma suna da kwana 21 su zauna su ce ga mafita. Ofis a buɗe yake, ma'aikata na zuwa, ana ɗaga waya, shi ya sa wanda bai sani ba zai ce ai ba abin da ya canza. Ya canza mana, sannu a hankali ne kawai.

A wannan zagayen Northamptonshire ce ta fara a 2018, abin ya yi muni har aka rushe ta gaba ɗaya aka raba yankin gida biyu a 2021. Sai Croydon a 2020, Slough a 2021, Thurrock a ƙarshen 2022 bayan ta ci bashi ta zuba a harkar wutar sola kuɗin suka narke, Woking a 2023 ƙaramin gari amma ya ciyo bashin da ya kusa fam biliyan 2 yana gina dogayen benaye, Nottingham ita ma a ƙarshen 2023. Wadda ta fi girgiza mutane dai Birmingham ce a watan Satumba 2023, birnin da ke da mutum sama da miliyan ɗaya. In ka kalli waɗannan sai ka ce ai sakaci ne da rashin iya riƙon amana, kuma da gaskiyarka, akwai shi sosai, Birmingham ta kawo sabon tsarin kwamfuta na Oracle don lissafi da biyan albashi, aka yi kiyasin fam miliyan 19 amma abu ya doshi miliyan 100 kuma ya daɗe bai aiki yadda ya kamata ba. Sai dai in ka tsaya a nan ka rasa rabin labarin, domin hukumomin da ba su yi cacar komai ba su ma suna bakin ramin. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 hukumomi 19 gwamnati ta ba tallafin gaggawa, shekarar da ta biyo suka zama 30, kuma tallafin nan ba kyauta ba ce, izini ne kawai na ka ci bashi ko ka sayar da kadarorinka ka biya buƙatun yau da kullum.

Tushen abin tun 2010 ne lokacin da gwamnatin David Cameron ta shiga tsuke bakin aljihu, ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce daga 2010 zuwa 2018 kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomi ya ragu da kusan rabi in aka yi la'akari da tsadar kaya. Kuɗi na raguwa, nauyi na ƙaruwa. Mutane na daɗewa a duniya, tsoho ya kai tamanin da biyar da ciwon mantuwa da ciwon suga, yaran da aka karɓe daga hannun iyaye, yara masu buƙata ta musamman da sai an kai su makaranta a tasi, iyalan da mai gida ya kora dole a sama musu masauki, duk waɗannan doka ce ta ce sai an yi, ba zaɓi. A manyan hukumomi da yawa kula da manya da yara kaɗai na cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin hidima. To da me za a rage? Da ɗan abin da ya saura, laburare, wurin wasan yara, cibiyar matasa, motar bas ta unguwa, ɗakin da tsofaffi ke haɗuwa da rana.

Nan ne darasin da ya fi zauna min a rai yake, kuma a gidan wani dattijo na koye shi. Tsohon direban bas ne, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa, muna zuwa masa sau ɗaya da safe na rabin awa, shi ke nan abin da yake buƙata don yana da wata cibiya da mota ke zuwa ta ɗauke shi a wasu ranakun mako, ya ci abinci mai zafi, a ɗan motsa musu jiki a kan kujera, ya yi gardamar ƙwallo da tsaransa. Ranar zuwa cibiyar nan kafin in iso ya yi aski ya sa rigarsa mai guga yana zaune bakin taga yana jiran mota. Da aka rufe wurin don rage kashe kuɗi bai yi ƙorafi ba ko kaɗan, mutanen zamaninsa ba sa yi, amma sai na fara tarar da abincin jiya a firji ba a taɓa ba, labule a sauke har rana ta yi, rigar barci a jikinsa, ƙafafun suka fara yin sanyi saboda zama. Kafin hunturu ya fita ya faɗi a banɗaki ƙugu ya karye, ya yi makonni a asibiti, wani ɓangaren ma ya warke amma ba a sallame shi ba don ba a gama shirya wanda zai kula da shi a gida ba. Da ya dawo sai ya zama ziyara huɗu a rana, mutum biyu kowace ziyara saboda ɗaga shi. Lokacin na koma ofis, ni na haɗa takardar kuɗin da hannuna, na ajiye ta kusa da tsohuwar na kalla, ta ninka ta sau da yawa, kuma hukumar da ta rufe cibiyar ita ce dai za ta biya. Kamar wanda ya ƙi yaɓen katanga da rani ne don tsimin kuɗin ƙasa, damina ta zo ta kwantar da ita sai sabon gini. Kuma kada ku ɗauka ma'aikatan hukumar ba su san haka ba, sun sani sarai, wata jami'ar jin daɗin jama'a da muke yawan waya da ita muryarta kaɗai ta isa ta gaya maka ta gaji, amma doka ta ce lissafin bana ya haɗu bana, ba ruwanta da abin da zai faɗo baɗi.

Mu ma a ofis matsin yana iso mu ta wata hanyar. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga fam 11.44 zuwa 12.21 a awa a watan Afrilu 2025, wanda abu ne mai kyau don ma'aikatanmu sun cancanci fiye da haka ma, a wannan watan dai kuma kason inshorar ƙasa da kamfani ke biya kan ma'aikaci ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15, amma abin da hukuma ke biya a awa ba ya tashi daidai da haka. Sai ka ga ana matse jadawali, minti biyar tsakanin gida da gida alhali tafiyar ta fi haka, yarinya 'yar Najeriya ko 'yar Zimbabwe tana gudu da mota cikin ruwan sama tana kira na tana cewa Anti wallahi ba zan iya barin matar nan yanzu ba ko shayinta ba ta sha ba. Me zan ce mata? Sai in ce zauna ki gama, ni zan kira gida na gaba in ba da haƙuri.

Su kuma jama'ar gari fushinsu a kan shara da ramukan titi yake, kuma ban ga laifinsu ba, abin da ido ke gani kenan. Mutum na biyan harajin gida duk wata, a ƙa'ida ba a ƙara shi ya wuce kashi 4.99 a shekara sai an yi ƙuri'ar jin ra'ayi, amma aka ba Croydon izinin ƙara kusan kashi 15 a 2023, Birmingham kusan kashi 10 a 2024, ga shi a lokaci guda an amince da rage fam miliyan 300 cikin shekara biyu har da rage hasken fitilun titi. Ka biya da yawa ka samu kaɗan, dole rai ya ɓaci. Da masu kwashe shara na Birmingham suka tsunduma yajin aiki gadan-gadan a watan Maris 2025 sai da bola ta kai tan 17,000 a tituna, ɓeraye ko ina, duniya duk ta gani. Amma ba wanda ya ɗauki hoton tsohon da ya daina ɗaga labule.

Akwai maganar da take min ciwo in na ji, masu cewa wai mata ne suka karya Birmingham da ƙararsu ta neman a daidaita albashi. Eh bashin da aka yi kiyasi ya kai fam miliyan 760 shi ne babban dalilin da aka bayar, bayan sama da biliyan ɗaya da aka riga aka biya tun hukuncin kotun ƙoli na 2012. Amma su waye matan? Masu shara a makarantu, masu dafa wa ɗalibai abinci, masu kula da tsofaffi irina, shekara da shekaru ana ba maza masu aiki a mataki ɗaya da su alawus su ana hana su. Haƙƙinsu ne aka ci, ranar biya ta zo. Wanda ya ci bashin guminsu shi ya karya garin.

Kawuna da ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma a gida, da nake ba shi labari a waya sai ya ce to ke 'yata ai ku da sauƙi, aƙalla an fito an faɗa an kuma ga takarda. Na ce haka ne Kawu, nan kowa na iya sauke kasafin kuɗin hukumarsa a intanet ya karanta layi-layi, ya je zauren majalisa ya zauna ya ji. Mu kuwa a Najeriya sai a Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba. Matsalar ba iri ɗaya ba ce, ban kuma son a haɗa su, abin da ya haɗa su kawai shi ne hukumar da ta fi kusa da talaka ita ce ba ta da iko a kan kuɗin da take rayuwa da su.

'Yan uwa da ke zaune a nan, musamman masu iyaye tsofaffi ko yaro mai buƙata ta musamman, kada ku jira sai abu ya lalace. Dokar kula ta 2014 ta ba kowane babba da ake ganin yana da buƙata damar a zo a duba halin da yake ciki kyauta, ko yana da kuɗi ko ba shi da su, kai mai jinyar ma kana da damar a duba naka nauyin, sai dai wanda ajiyarsa ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa kulawar. Layin jira dogo ne yanzu, ku nema da wuri, ku ajiye kwafin duk wasiƙar da aka turo. Sannan duk hunturu hukumomi na fitar da daftarin abin da za su yanke su nemi jin ra'ayin jama'a kafin kansiloli su zauna a Fabrairu ko Maris, yawancinmu ko buɗewa ba ma yi, alhali a cikin waɗannan shafukan ne ake rubuta sunan laburaren da yaranku ke zuwa ranar Asabar da cibiyar da za a rufe.