Wanda ke zaune a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman

Idan aka kwantar da mutum a sashen kulawa ta musamman, wato ICU, hankalin kowa kan gadon yake komawa. Likitoci da nas-nas na kansa dare da rana, na'urori na bin bugun zuciyarsa da numfashinsa. Wanda babu mai lura da shi shi ne mai jinya, ɗa ko mata ko ƙane da ke zaune kan benci a waje. Ƙannena, maganarsa nake so mu yi, domin na taɓa zame masa kaya alhali ina ganin taimako nake yi.

Mahaifin abokina ne aka sa wa na'urar numfashi. Safe da yamma sai na kira: "Me likita ya ce? Ya buɗe ido?" Ban lissafa mutum nawa suka riga ni yin wannan tambaya ba, kuma duk amsar da ya bayar, tashin hankalin yake sabuntawa. Ashe ma shi kansa bai gama gane abin da aka faɗa masa ba. Ba laifinsa ba ne. Binciken da Dakta Elie Azoulay ya jagoranta a Faransa a shekarar 2000 ya gano cewa fiye da rabin 'yan uwan marasa lafiya ba su fahimci bayanin likita kan cutar, ko maganin, ko abin da ake tsammani ba. Firgici na toshe kunne. Da na sani, da raka shi na yi wurin likita da biro da takarda, na rubuta abin da aka ce, sannan na ɗauke masa aikin sanar da dangi da abokai.

Na kuma riƙa ce masa, "Kada ka damu, gobe war haka zai tashi." Wa ya ba ni wannan tabbaci? Jinya a wannan ɗaki hawa da gangara ce, yau a rage ƙarfin na'ura, gobe zazzaɓi ya dawo da komai baya. Ranar da jikin ya rikice, ni ya daina faɗa wa gaskiya, don ya lura labari mai daɗi kawai nake son ji. Addu'a da zama kusa da shi sun wadatar. Labarin wane da ya yi irin wannan ciwo kuwa, ko ya warke ko ya rasu, ka bar shi a cikinka. Haka ma kawo magani daga waje: mai bututu a maƙogwaro, ko ruwa aka ɗura masa a baki yana iya zarcewa huhu.

Abin da zai fi amfani shi ne ka san abubuwan da ke tsorata mai shiga. Kumburin hannu da fuska sau da yawa daga ruwan da ake ƙara wa mara lafiya ne. Na'urori na yawan ƙara, kuma ba kowace ƙara ce hatsari ba, wani lokaci waya ce ta zame. Idan aka rage maganin barci, mutum na iya ruɗewa, ya kasa gane ɗansa, har ya zarge shi. Ciwo da magunguna ne, ba ƙiyayya ba. A wanke hannu, a riƙe nasa, a faɗa masa inda yake da ranar da ake ciki.

Kada ka ce wa mai jinya, "In kana buƙatar wani abu ka faɗa min." Ba zai faɗa ba. Ka ce, "Je ka kwanta, ni zan zauna, in an nemi wani zan tashe ka."

Babban kuskurena ya zo daga baya. Da aka sallami tsohon, na ɗauka an gama, na koma harkokina. Abokina kuwa barci ya gagare shi, ko wayarsa ce ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Wani binciken Azoulay na 2005 ya nuna cewa bayan wata uku, kusan kashi ɗaya cikin uku na irin waɗannan 'yan uwa na da alamun ciwon damuwar da ke bin mummunan tashin hankali. Don haka ka ci gaba da leƙa shi bayan an watse, kuma in abin ya ƙi lafawa, ka raka shi ya ga likita.