Asabar a gareji: tanki na biyu ya hau mota

Tun bayan sallar asuba na fita da motar zuwa Sabon Garin Zariya, don Baba mai walda ya ce in yi sammako kafin masu tifa da masu bas su cika masa gareji. Tankin da na ba shi aikin ƙerawa ya kammala, saura ɗorawa. Na iske shi a jingine da bango, an shafe shi da jan fenti na hana tsatsa, yaran gareji har sun mai da shi wurin ajiye kofin shayi.

Motar tawa tsohuwar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, man gas take sha, wato dizal. Tankin da ta zo da shi lita 90 ne. In kan kwalta ne, Zariya zuwa Kaduna ko Kano a je a dawo, wannan ya isa har da saura. To ni aikina ba a kan kwalta yake ba. Rugagen da nake kai wa allurar rigakafin ciwon huhun shanu suna can bayan Maigana da Soba, wasu ta wajen Anchau da Pambeguwa, inda hanya ke ƙarewa a koma bin burtali. Da damina, da zarar na sa giyar taimako ƙafa huɗu suka kama ja a cikin laka, geji sai ya riƙa sauka ina kallo. Ga kuma injin da nake bari a kunne saboda ɗan firjin maganin, domin rigakafin da ake kawowa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ba ya jure zafi ko kaɗan. Ya ɗumama, ya tashi daga aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne barin ruga aiki bai ƙare ba. Ardo ya tara garke tun safe, wasu sun koro shanu daga nesa, ni kuma hankalina na kan allurar geji, ina lissafin ko man zai kai ni bakin titi. Fetur kam ana samu a kwalabe ko'ina saboda babura, amma gas sai an sha nema, wanda ake samu a hannun 'yan bumburutu kuma Allah kaɗai ya san abin da aka zuba a ciki, ko kalanzir ko ruwa. Famfon injekta ba ya yafe wannan. Jarka ma ba mafita ba ce. Tun 2021 da gwamnatin Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi irin su Giwa da Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, duk wanda aka gani da jarkoki a bayan mota ya nufi daji sai ya yi dogon bayani a shingen jami'an tsaro. Ban ga laifinsu ba. Amma ni lokacin da nake ɓatawa a wurin, na dabbobin mutane ne.

Kafin a taɓa motar, Baba ya ce sai an sake gwada tankin a gabana. Ya toshe duk kafofin, ya hura masa iska kaɗan da famfon keke, ya ce iska mai yawa kumbura shi za ta yi. Sannan ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani ya bi layin walda da buroshi, a hankali, kusurwa bayan kusurwa. A gefen da bututun zuba mai ya haɗu da jikin tankin sai ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, wuri ɗaya tak, ramin da ido ba ya gani. Ya zagaye wurin da alli bai ce komai ba, ya saki iskar, ya goge, ya sake bi da wuta. Da aka maimaita gwajin, shiru. Ya ɗago kai ya ce, "Likita, gas ya fi ruwa iya neman hanya. Inda kumfa ya fito yau, nan za ka ga danshi bayan wata guda."

Ƙarfen baƙi ne mai kaurin milimita 2. Da gangan muka guje wa farin ƙarfen nan mai rufin zinki da ake yin tankin ruwa da shi, saboda gas na cin rufin, abin da ya narke kuma ya je ya toshe filta da nozul. A ciki ya sa katanga biyu masu huji, waɗanda ke hana man tafiya gaba ɗaya gefe guda in mota ta karkata ko an taka burki. Na leƙa ta kafar geji da tocilan waya na gan su. A ƙasa kuma ya bar noti na tsiyaye ruwa da datti, domin tankin da ba a cike yake ba yana tara raɓa a ciki, musamman yanzu da iska ke da laima.

Muna cikin haka wani matashi ya shigo da tsohon tankin motar fetur a kan babur, daga wajen 'yan gwangwan ya sayo, yana so a yanka a rage masa tsawo. Baba ko kallo na biyu bai yi masa ba. Ya ce, "Ɗana, fitar mini da shi waje." Yaron ya rantse an wanke shi da sabulu, babu ɗigon mai a ciki. Baba ya ce ai ba man ne ke kashe mai walda ba, tururin da ya rage ne, kuma tanki wayam ya fi cikakke haɗari. Gaskiya ya faɗa. Fetur na fitar da tururin da ke kamawa ko a cikin tsananin sanyi, gas kuwa sai ya ɗau zafi sama da digiri 50 kafin ya yi haka. Yaron ya tafi yana gunaguni, ni kuwa na ƙara samun natsuwa da hannun da na ba wa motata. Na so a ce ya tsaya ya saurara, don na san wani wuri zai kai shi.

Ɗorawar ce ta cinye yinin. An cire tayar safaya daga ƙarƙashi aka mayar da ita sama bayan kan mota, tankin ya shiga gurbinta tsakanin ƙarafan shasi biyu. Ban yarda a yi walda a jikin shasi ba, Baba ma bai nema ba. Da ramukan da kamfani ya bari aka yi amfani, aka ɗaure da maɗauran ƙarfe biyu, aka shimfiɗa yankakken tsohon bel na injin niƙa tsakaninsu da tankin. Shasi na murɗawa a kan hanyar daji, in tanki ya manne masa ƙam, wurin walda ne zai fara tsagewa. Gefen da ke kusa da salansa kuma an sa masa faranti ya tare zafi. Na kwanta a kan kwali na duba da kaina cewa gindin tankin bai sauko ƙasa da akisil ba, don in za a fita daga kwari, bayan mota ne ke gogar ƙasa.

Wuta ta ɗauke wajen azahar, aka tada janareta, muka je masallaci muka dawo, na sayo wa yara shinkafa da wake.

Da la'asar mai rewaya ya iso, nan muka ɗan yi musu. Shi yana son a sa bawul mai juyawa, inji ya riƙa sha kai tsaye daga duk tankin da na zaɓa. Na ƙi. Injin gas yana mayar da ragowar mai tanki ta wani bututu daban, ke nan sai an juya na zuwa da na dawowa tare, mahaɗa ta yi yawa, kowace mahaɗa kuma ƙofa ce ta shigar iska. Wanda ya taɓa fitar da iska daga injin gas a tsakiyar daji, magariba na gabatowa, ba zai so ƙarin ƙofa ba. Na ce a bar layin kamfani yadda yake. A sa ƙaramin famfo na lantarki ya riƙa tura mai daga sabon tanki zuwa tsohon, da filta a tsakani, da fiyus nasa shi kaɗai kusa da batir. Ya ce, "Oga, in ka manta shi a kunne, tsohon zai cika ya yi ambaliya." Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa muka sa makunni mai jar fitila daidai saitin idona. In famfon ya mutu a hanya, mota ba za ta tsaya ba, zan iya kwance notin ƙasa in tara a galan in juye.

Tiyon numfashin tankin shi ma na tsaya a kansa. Dole tanki ya sha iska yayin da mai ke fita, in ba haka ba famfo zai yi ta ja a banza. Yaron garejin ya so ya bar bakinsa nan ƙasa, na sa aka ja shi sama har bayan kan mota aka lanƙwasa bakin ya kalli ƙasa. Rafukan da ke zuba cikin kogin Galma in sun kawo a watan Agusta, ruwa na kai wa ƙofa.

Daga gareji na wuce gidan mai a Kwangila. Tankin lita 70 yake ci, amma na tsayar da mai zubawa a 65, saboda mai na kumbura in ya ji rana, yana son fili. Lita ɗaya ta gas ta kusa giram 840, ke nan man kaɗai ya doshi kilo 55, ga nauyin ƙarfen, duka a bayan akisil. Na ji shi a sitiyari tun kafin in bar titin, gaban ya ɗan yi sauƙi. Dole daga yanzu akwatin kayan aiki da jarkar ruwan sha su matso gaba.

Na bi hanyar Jos na haye gadar Galma, na sauka wata hanyar ƙasa ta wajen Dakace, na shiga ramuka da gangan, na kunna famfon na ga gejin tsohon tanki na hawa sannu a hankali. Na tsaya na shiga ƙarƙashi da farin tsumma na shafa kowace mahaɗa. Tsumman ya fito da ƙura kawai.

Sabon tankin bai da geji tukuna, mai rewaya ya ce sai Litinin zai samo wanda ya dace da zurfinsa. Baba kuma ya ce in dawo masa da motar bayan fitar farko ya sake ɗaure notuna, don bel ɗin zai kwanta. Na kira Ardo bayan isha'i na ce ya tara garken ranar Talata, har da na 'yan'uwansa na ƙetaren rafi da ban samu kaiwa gare su ba a zuwan baya.