Abin da cikin akuya ya koya mini a mahautar Sakkwato

Da muna ajin likitan dabbobi, na ɗauka cikin saniya kamar na mutum yake aiki: in abinci ya shiga asid, ruwan tsamin da ke narkar da shi, ya zubo, in an gama ya lafa. Haka na rubuta a jarrabawa, haka kuma aka zabga mini jan biro.

Sai da aka tura mu mahauta da damina na gane. Wani dattijon mahauci ya feɗe jar akuya, ya ware tumbi gefe, ya tsaga ciki na huɗu, wanda muke kira abomasom, ya ce, "Likita, zo ka duba wanga." Ciki huɗu gare ta, amma wannan kaɗai ke fitar da asid. Tumbi ma'auninsa na pH (awon tsami ne, ƙaramar lamba na nufin tsami mai yawa) yana tsakanin 6 da 7, nan kuwa 2 zuwa 3 ne.

Mai tuƙa ba ta san "na gama cin abinci" ba. Dare da rana abin da ya ruɓa a tumbi yana gangarowa kaɗan-kaɗan, don haka asid ba ya yankewa, sai dai ya ƙaru ko ya ragu. In sabon abinci ya shigo tsamin ya yi sauƙi, ƙwayoyin halittar da ke ƙarshen cikin sai su saki sinadarin gastirin, shi kuma ya zuga ƙwayoyin da ke yin asid, da taimakon sinadarin histamin da jijiyar bagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa ciki. In tsami ya yi yawa, wani sinadarin, somatostatin, ya taka burki. Cikin da kansa yake auna kansa.

A bangon cikin akuyar nan akwai tsutsotsi sirara kamar zare, wasu ja da fari a murɗe. Hemonkus ke nan, mai shan jini. Tsutsar ciki na huɗu takan rage asid, pH ya hau, gastirin ya yi ta ƙaruwa yana neman gyara abin da ya fi ƙarfinsa, furotin bai narke yadda ya kamata ba, dabba ta rame. Dattijon bai taɓa jin sunan gastirin ba, amma tun kafin ya sa wuƙa ya buɗe fatar idonta, ya ga ta yi fari fat, alamar ƙarancin jini, ya ce, "Ɗana, wagga akuya tsutsa ta cinye ta."

Yanzu duk wanda ya kawo mini ramammen rago da damina yana neman allurar ƙarfi, idon nake fara dubawa, sannan in karɓi kashinsa a kai ɗakin gwaji.