Waƙar Sallah a watan Disamba

Shekarata ta farko da fara aiki a wata cibiyar al'umma da ke Bronx, a birnin New York, aka ɗora mini shirya wasan kiɗa na ƙarshen shekara. Yaran unguwa ake tarawa da iyayensu, a gayyato makaɗa daga al'ummomin da ke zaune a wajen, kowa ya yi na bikinsa. Shugabar wurin ta miƙo mini takarda mai gida huɗu: Kirsimeti, Hanuka ta Yahudawa, Kwanza, sai na ƙarshe da ta rubuta sunana a gabansa. "Kai ma ka zo mana da waƙar Sallarku," in ji ta.

Na ce to, don sabon ma'aikaci bai iya cewa a'a ba. Sai da na koma gida na zauna na ga ashe na ɗauko wa kaina jidali. Da farko dai Sallah ba ta da alaƙa da Disamba. Watanmu yana ja baya da kimanin kwana 11 duk shekara. A 2008 Babbar Sallah ta faɗo a Disamba, amma tun daga lokacin ta yi nisa. Makarantun gwamnati na birnin ma sun san haka, tunda a 2015 magajin gari Bill de Blasio ya sa ranakun Sallah biyu cikin hutunsu. Sannan wace waƙa zan kawo? Kabbarar hanyar idi ibada ce, ba abin da za a yi wa tafi ba. Kakaki da algaita kuwa na sarakuna ne, ni ko dokin kara ba ni da shi.

Wata mata 'yar Meziko ce ta warware mini ba tare da ta sani ba. Tana ba ni labarin bikinsu na Posadas, wanda ake yi dare tara daga 16 zuwa 24 ga Disamba. Jama'a ke bin gida-gida da kyandir, na waje suna waƙar neman masauki, na ciki suna amsawa, har a buɗe musu ƙofa a ba su abinci. Wani dattijo ɗan Puerto Rico, wanda ya zo da wani busasshen duma mai zane-zane da suke karta shi yana ƙara, ya ce su ma suna da irinsa, cikin dare suke afka wa gidan aboki da kiɗa. Ina ji na ce wannan ai tashe ne. Mu ma idan azumi ya kai goma, bayan an sha ruwa, haka muke zaga gidajen unguwarmu a Kano da gwangwani da gemun auduga, a ba mu gero ko 'yan kwabbai. Tashen na kawo, na kuma gaya wa yaran gaskiya cewa na watan azumi ne, aro muka yi masa na wannan rana.

Kwanza ma ta ba ni kunya. Kowa ya ɗauka tunda daga Afirka nake, ni ne malaminta, alhali ban taɓa jin sunanta a gida ba. Baƙaƙen Amurka ne suka kafa ta, Maulana Karenga ya fara a 1966, ana yin ta kwana bakwai daga 26 ga Disamba, kowace rana da manufarta da sunan Suwahili. Biyu daga ciki na gane ba tare da tafinta ba, nia da imani. Na bar wa masu abin abinsu, na zauna ina sauraro.

Kuskurena babba kuwa na lokaci ne. Na sa wasan ranar Juma'a ƙarfe huɗu na yamma, ina ganin yara sun tashi daga makaranta. Tsohon Bayahuden da zai yi waƙar Hanuka ya kira ni cikin ladabi ya ce ba zai samu zuwa ba. A Disamba wajen huɗu da rabi rana take faɗuwa a New York, da faɗuwarta kuma Asabar ɗinsu ta shiga, ba ya taɓa kayan kiɗa. Abin dariya, ni kaina magariba za ta riske ni a kan dandamali, ban ma lura ba. Muka mayar da shi Lahadi da hantsi.

Ranar wasan na sake yin wani. Na buɗe da kalangu. Makaɗin, wani bawan Allah daga zangon Kumasi, ya matse shi a hammata yana sa shi ya kira sunayen yara. Ɗakin ya rikice, 'yan shekara biyar suna tsalle a kan kujeru. Tsohon nan da ya biyo baya da muryarsa ƙasa-ƙasa, ko na sahun gaba bai ji shi ba. Daga shekarar da ta biyo, mai taushi nake sawa a farko, ganga ta rufe taro, kuma ba na barin kowa ya yi jawabin da ya wuce minti biyu kafin a miƙa wa yara abin kaɗawa.

Kafin a fara, wata uwa 'yar Damagaram ta tare ni a bakin ƙofa, ɗanta na riƙe da gefen mayafinta.

"Malam, ba dai waƙar coci za ku sa shi ba ko?"

"Hajiya, sauraro kawai zai yi. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ga ƙofa nan kusa, ba mai jin haushi."

Ta zauna a kujerar ƙarshe, jakarta a cinya, kamar mai jiran mota. Da muka zo kan tashe na liƙa wa yaron gemun auduga, na cusa masa tsumma a riga ya yi tumbi, sai na jiyo amshi daga can baya. Ita ce. Har ta gyara mini baiti ɗaya, ta ce a garinsu ba haka ake faɗa ba.