Dasashin ɗana ne ya mayar da mu asibiti

Ɗana yana shekara 5 farfaɗiya ta fara kayar da shi. Bayan mun gaji da rubutu da hayaƙi, aka ɗora shi a kan wani magani mai suna fenitoyin a wani asibiti, cikin ikon Allah faɗuwar ta tsaya. Likita ya ce mu riƙa dawowa, ni kuwa na ga yaro ya miƙe, ga kuɗin mota, ga layi. Sai na koma kai tsohon kwalin wani kemis a Tudun Wada ana ba ni irinsa. Shekara 3 muna haka.

A hankali dasashinsa ya riƙa kumbura, naman yana hawa kan haƙora har rabin na gaba suka ɓuya. In ya sha rake sai ka ga jini a jikin ɓawon. Dariya ma sai ya kare baki da hannu, saboda tsokanar 'yan Islamiyya. Surukata ta ce zaƙi ne, na hana shi alawa, bawan Allah, ba laifinsa.

Da wata maƙwabciya ta ce ai maganin ne, raina ya ɓaci, na daina ba shi a ranar. Kwana 2 tsakani, cikin dare, jijjiga ta kama shi ta ƙi saki. A Keke Napep muka isa asibitin koyarwa na Shika, ina riƙe da kansa a cinyata.

Da ya farfaɗo likitar yara ta zaunar da ni. “Maman yaro, ba a yanke wannan magani lokaci ɗaya, yana iya kai wa ga rasa rai.” Ta ce maƙwabciyata ta yi gaskiya, fenitoyin na kumbura dasashi, kuma in aka daɗe ana sha yana rage bitamin D, ƙashi ya yi rauni, in ya yi yawa a jini yaro ya riƙa tangaɗi. Sauran magungunan farfaɗiya ma kowanne da nasa: fenobabiton kan sa yaro rashin natsuwa, Epilim kan kawo ƙiba da zubar gashi, wani lokaci ya taɓa hanta.

Aka yi masa awon jini, aka auna nauyinsa, aka sauya magani sannu a hankali cikin makonni, likitan haƙori kuma ya wanke masa baki. Buroshi safe da dare, ni nake tsayawa a kansa. Na sayi littafin 'yan makaranta ina rubuta duk abin da na gani a jikinsa, da shi nake shiga wurin likita. Kumburin ya ja baya, bai gama ba tukuna.