Daga Kawo zuwa Zariya: abin da na koya a gindin ɗorawa

Da sanyin safiya muka tashi daga tashar Kawo ta Kaduna ni da Kawuna, a watan Maris, za mu Zariya gaisuwa. Tafiyar ba ta fi kilomita 80 ba, amma muna wuce Mararrabar Jos taya ta yi faci, direba ya gangara gefe kusa da Birnin Yero. Kowa ya sauko yana tsaki. Kawu kuwa ya nufi wata ɗorawa a bakin gona, na bi shi.

Ta cika da fure, jajaye, kowane yana reto a kan dogon tsinke kamar tuntun hula, ƙudan zuma sai kai-komo suke yi. Na ce, "Kawu, 'ya'yan sun kusa fitowa ke nan." Ya ce, "Waɗanne 'ya'yan? Kowane da sunansa." Ɗanyen da bai nuna ba garda ne. In ya bushe aka fasa, ga garin ɗorawa rawaya, ga kalwa, ƙwayar da ake dafawa a yi daddawa. Kwanson ma ba a yar da shi: ana jiƙa shi a sami makuba, a shafe daɓe da katanga don kada ruwa ya ci su. Itace ɗaya, sunaye huɗu, ni kuwa mai koyar da kimiyya a firamare da "'ya'ya" kaɗai nake tafe.

Abin da na iya ba shi a madadi shi ne sunanta na Latin, Parkia biglobosa, wanda aka laƙaba mata don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya mutu a Busa, bakin kogin Kwara, a 1806. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da nasa.

Ya nuna mini kauci a wani reshe, ganyensa daban da na uwar. Tsuntsaye ne ke kawo irinsa mai danƙo, ya manne, ya soka saiwarsa cikin reshen yana shan ruwan itacen. Sannan ya dafa gindin, inda wani ya ɗebi ɓawo da gatari. "Wannan sassaƙe ne, na magani. Mai hankali gefe ɗaya yake ɗauka." Nan kimiyyata ta yi daidai da tasa: a ƙarƙashin ɓawo ne abincin da ganye ya haɗa yake gangarawa zuwa saiwa, in aka zagaye gindin da sara, itacen ya mutu a tsaye.

Abin da ya sosa mini rai shi ne buhunan gawayi da na riƙa gani jere a bakin titi bayan mun tashi. Kawu ya ce a da itatuwan doka da kirya da marke sun rufe wannan hanya. Yanzu sai kututture, wasu da ɗan toho, sai kuma darbejiya da itacen turare, baƙi daga Indiya da Ostireliya. Yaron da bai taɓa ganin kirya ba, ina zai ji sunanta?

Muna shiga Zariya manyan rimaye suka bayyana ta bayan ganuwa. Na zaro takarda na ce, "Kawu, faɗa mini na rimi kuma." Ya ce in bari mu sha ruwa tukuna.