Yadda muke haɗa furen ado na teburi a lokacin biki

A wannan sana'a tamu ta haɗa furanni, abin da mai saye yake gani shi ne launi da tsari, amma abin da yake sa fure ya kai ƙarshen kwanakin biki bai yi yaushi ba shi ne ruwa. Mafi yawan aikin yana ƙarewa tun kafin a soka fure na farko. Duk haɗin da ya langwaɓe a kwana na biyu, in ka bincika, za ka tarar tun wajen yanka ko jiƙo aka yi sake.

Ga abin da muke tanada don haɗi matsakaici na tsakiyar teburi: kwano marar yoyo mai faɗin santimita 20 zuwa 25, soson furanni guda ɗaya irin wanda ake kira Oasis (soso ne mai riƙe ruwa da ake soka karan fure a cikinsa), salatef mai jure ruwa, wuƙa mai kaifi, da bokiti mai tsabta. Ganye kala biyu, reshe 12 zuwa 15, misali ganyen turare da na itacen fain. Manyan furanni 5 ko 7, kamar wardi ko lili. Matsakaita kamar kaneshan guda 7 zuwa 9. Sai ƙananan furanni na cike gurbi, damƙa ɗaya. Muna ƙirga manyan da mara, wato uku, biyar, bakwai, domin ido ya fi sakewa da su fiye da waɗanda suka tsaya bibbiyu kamar an jera sojoji. Launi kuwa kada ya wuce uku. Ja da fari da ɗan ruwan zinariya a kan kore sun isa su nuna biki ake yi.

Kwana ɗaya kafin haɗi ake shayar da furannin. A wanke bokiti da sabulu da ɗan bilic, don ƙwayoyin cuta da suka maƙale a jikinsa su ne ke toshe ƙananan hanyoyin da kara ke jan ruwa da su. A tsige duk ganyen da zai nutse cikin ruwa, domin shi ke ruɓewa ya sa ruwan wari. Sannan a yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara, a karkace, a tsoma shi nan take. Almakashi mai dakushi matse karan yake yi, ya murƙushe hanyoyin ruwan, shi ya sa muka fi son wuƙa. A bar su a wuri mai sanyi da inuwa aƙalla awa 4, in da hali su kwana. Idan babu garin abincin fure da ake sayarwa a ƙaramar leda, a lita ɗaya ta ruwa a zuba babban cokali 2 na ruwan lemun tsami, babban cokali 1 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic. Sukarin abinci ne, tsamin yana taimaka wa ruwa hawa, bilic ɗin kuma yana kashe ƙwayoyin da sukarin zai ciyar. Sukari shi kaɗai ɓarna yake yi, ba gyara ba.

Jiƙa soso shi ne inda masu koyo suka fi faɗuwa. Ɗora shi kawai ake yi a kan ruwa mai zurfi, a ƙyale shi ya nutse da kansa, cikin minti ɗaya zuwa biyu. Wanda ya danna shi da hannu don sauri, ko ya kwarara masa ruwa daga sama, ya kulle iska a tsakiyarsa. Daga waje za ka ga ya jiƙe sharkaf, cikinsa kuwa a bushe yake, kuma duk furen da karansa ya faɗa wannan wurin ya mutu da ƙishi alhali yana zaune cikin kwanon ruwa. Bayan ya jiƙu a yanka shi daidai kwanon, ya ɗara baki da santimita 2 zuwa 3 don a samu damar soka rassa ta gefe, a bar ɗan rami a gefe ɗaya na zuba ruwa, a ɗaure da salatef a gicciye.

Da ganye ake farawa. Shi ke fitar da siffa, shi ke rufe soso da bakin kwano. Idan teburin zama ne, tsayin haɗin kada ya wuce santimita 30, don mutane su ga fuskar juna. Idan na jikin bango ne ko na gefen ƙofa, reshe mafi tsawo ya kai tsayin mazubin sau ɗaya da rabi. Bayan ganye sai manyan furanni: wanda ya fi buɗewa ya sauka ƙasa kusa da tsakiya, wanda bai gama buɗewa ba ya hau sama ko ya fita gefe. A riƙa juya kwanon ana dubawa. Kowane kara ya shiga soso santimita 3 zuwa 5, kuma duk su nufi wuri ɗaya a tsakiya kamar daga tushe guda suka tsiro. Idan ka soka fure wurin bai yi maka ba, kada ka ɗan jawo shi sama ka bar shi. Hakan yana barin iska tsakanin gindinsa da soso. Zare shi gaba ɗaya, ka sake yanka, ka huda sabon wuri. Ƙananan furanni, busassun 'ya'yan fain da aka ɗaura wa siririyar waya, da ƙyallen ado su ne na ƙarshe.

Lili yana da nasa sharaɗi. Da zarar ya buɗe, a cire kawunan nan masu garin rawaya a tsakiyarsa, domin garin yana ɓata mayafin teburi. In ya zuba a tufa, da salatef ake ɗauke shi, shafa ruwa ƙara sa shi kama tufar yake yi. Gidan da ake da kyanwa kuwa ba ma saka lili sam, saboda guba ce gare ta, tana lalata mata ƙoda. Kyandir ma, in za a saka, harshen wutarsa ya yi nesa da ganye, kuma a kashe kafin ya cinye ya sauko, don ganyen fain in ya bushe saurin kamawa gare shi.

Wurin ajiya yana iya rage kwanakin fure da rabi. A nisanta shi da rana, da saman talabijin, da iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kwandon 'ya'yan itace: ayaba da tuffa masu nuna suna fitar da iskar etilin, wadda ke tsufar da fure, kaneshan musamman, har ya naɗe kansa cikin dare. Kullum a taɓa soson da yatsa, a ƙara ruwa ta ramin da aka bari. Wardi yakan yi kwana 5 zuwa 7, kaneshan yakan kai mako biyu, don haka idan wardin ya gaji a zare shi a maye gurbinsa, sauran haɗin yana nan daram. Wanda wuyansa ya lanƙwashe tun bai buɗe ba, iska ce ta toshe shi: a sake yanka gindin, a kwantar da shi dukansa cikin ruwa mai ɗan ɗumi na kamar awa ɗaya, sau da yawa yakan miƙe.

Soson nan roba ne, ba ya ruɓewa, don haka ruwan da ɓurɓushinsa ya zuba a tace shi kafin a zubar. Mai son kauce masa yana iya dunƙule ragar waya irin ta kejin kaji ya cusa cikin kwano, ya ɗaure da salatef, ya cika da ruwa. Tana riƙe kara da kyau, sai dai a canza ruwan duk bayan kwana biyu.